Kawu, shi kenan an gama?

Jiya Lahadi wajen sha ɗayan dare muna zaune a ƙofar gida nan Garwa ni da yaron yayata, wayata na jingine da butar shayi a kan tabarma, rezo na zuwa yana ɗaukewa, sai kawai wasan besbol ɗin da muke kallo ya ƙare, Marlins 4, Mets 0, Mets ɗin kuwa su ne ƙungiyar yaron. Yaron nan bai ce komai ba, ya cire hular da ke kansa mai shuɗi da ruwan lemo ya ɗora a gwiwa yana ta murza bakinta da yatsa, can ya ɗago yace min "Kawu, shi kenan an gama? Babu wani wasa gobe?" Nace masa babu, sai baɗi in Allah ya kai mu. Wallahi yadda idonsa ya kawo ruwa sai da na kau da kai, don na san wannan abin, na taɓa shan shi, kuma abin da ya ƙara sanyaya min jiki shine da na duba kwanan wata sai na ga 28 ga Satumban 2025 ne, daidai ranar da ni ma aka yi min nawa a 2011.

Na san yawancin masu karanta wannan ko sau ɗaya ba su taɓa kallon besbol ba, a garin nan in ka ce wasa to Coton Sport kake nufi ko Lions ko ƙwallon Turai. Amma hulunan kuna sa su ai, je ka layin 'yan gwanjo a babbar kasuwa ka ƙirga masu NY da masu LA da masu B ja, duk na ƙungiyoyin besbol ne na Amurka. Ni tawa mai B ɗin wani malamin Turanci ne ya ba ni lokacin ina lise, Ba'amurke ne cikin masu zuwa aikin sa kai, mutumin wajen Boston. Shi ya zana mana filin a allo, ya ba mu labarin 2004, yadda Red Sox, ƙungiyar Boston masu hular B ɗin, suka shekara 86 ba su ɗauki kofi ba, sannan Yankees suka ci su wasa uku a jere saura ɗaya su kore su, suka juyo suka ci huɗu a jere. Yana ba da labarin muryarsa na rawa, babban mutum da gemunsa. Tun daga ranar na kamu.

Ga wanda bai sani ba, a taƙaice: mutum ɗaya na jifa, ɗaya na bugu da gora, in ka buga sai ka ruga ka zagaya tashoshi huɗu, in ka dawo gida an samu maki ɗaya. In ka aika ƙwallon ta tsallake katanga shine hom ran, kai da duk wanda ke kan tasha ku shigo a natse. Zagaye tara ake yi, kowane zagaye sai an fitar da mutum uku kafin ɓangare ya sauka. Babu agogo, kuma wannan shine abin da ke kashe mutum, babu alƙalin da zai hura usur ya cece ka, sai ka fitar da na ƙarshen nan da hannunka. Kuma kowace ƙungiya wasa 162 take bugawa a kaka, kusan kullum, wata shida cur, ba 38 irin na Ingila ba. To ka yi tunanin a yi wasa 161 a zo na ƙarshe a ce har yanzu kunnen doki ake.

Haka aka yi a 2011. Farkon Satumba Red Sox na gaban Rays da wasa 9 a neman gurbi ɗaya tak da ya rage na shiga wasannin Oktoba, wanda suke kira wayil kad. Ni a lokacin har na daina duba sakamako kullum, a raina an riga an wuce wurin. Sai aka fara zubewa, yau a faɗi gobe a faɗi, a ci ɗaya a faɗi uku, watan nan gaba ɗaya wasa 7 suka ci suka faɗi 20. Ranar ƙarshe aka wayi gari mu da Rays kowa na da 90. A ɗaya ɓangaren gasar ma haka, Braves sun zubar da tazarar fiye da wasa 8, Cardinals sun kamo su.

Lokacin ba ni da waya mai intanet na kirki. Akwai wani abokina da ke tsaron siber a unguwarmu, shi na roƙa, na ba shi jaka ɗaya na mai saboda gurup in an ɗauke wuta, ya kulle mu a ciki ya shimfiɗa kwali ya kwanta abinsa. Tsakaninmu da gabashin Amurka awa biyar ne, wasan ƙarfe bakwai na yammarsu sha biyun darenmu kenan. Kuma ba hoto nake kallo ba fa, layin ba zai iya ja ba, wani shafi ne da ke nuna ɗan zanen fili da ɗige-ɗige, a rubuta maka abin da ya faru layi ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci ya tsaya cak sai ka sake lodawa kana addu'a. Na buɗe shafi biyu, ɗaya Baltimo inda muke karawa da Orioles, ɗaya Filorida inda Rays ke karɓar Yankees. Sauro na cizo, fankar sama na ƙara kamar za ta faɗo, ƙarshen damina ne ga zafi ga danshi.

Abin da ban taɓa zaton zan yi ba a rayuwata na yi shi a daren nan, na goyi bayan Yankees. Duk wani ɗan Red Sox a duniya haka ya yi, ka ga mutane na rubutawa a Facebook da Twitter cewa Allah ya yafe musu amma yau kam suna tare da maƙiya. Kuma Yankees ɗin suka fara kamar abin arziki, Teixeira ya buga hom ran tashoshi cike da mutane, huɗu a bugu ɗaya, kafin a jima 7 da 0. Mu kuma Pedroia ya buga nasa muka shiga gaba 3 da 2. A zagaye na bakwai ruwan sama ya tsayar da wasanmu a Baltimo kusan awa ɗaya da rabi. Na tashi na miƙe ƙafa, na sha ruwa, na ce a raina ko da mun faɗi ai Rays ma sun faɗi, sai a yi wasan raba gardama washegari. Har 'yan kallon Rays da yawa sun tattara sun bar filin sun tafi gida.

Ina dawowa kan kujera na ga 7 da 3. Na sake lodawa, 7 da 6. Longoria ya buga mai maki uku a zagaye na takwas. Gabana ya faɗi amma nace ai saura mutum uku a fitar. Aka fitar da biyu. Sai suka turo wani Dan Johnson, sunansa kenan Dan, mutumin da rabonsa da ya buga ƙwallo ta tafi lafiya a babbar gasar tun watan Afrilu, rabin kakar a ƙaramar ƙungiya ya yi ta. Jifa ɗaya ya rage a sallame shi a tashi wasa. Shafin ya tsaya, yana ta juyawa yana juyawa, da ya buɗe sai ga 7 da 7. Ya buga ta can kusurwar dama ta tsallake da ƙyar. Na dafe kai da hannu biyu, na tada abokina nace tashi ka gani, ya buɗe ido ɗaya yace "lafiya?" nace ba lafiya ba, ya juya ya ci gaba da barcinsa, kuma ban ga laifinsa ba don ba abin da ya sani a ciki.

A can Atlanta kuma nasu ya riga namu, Braves na gaba har zagaye na tara, Phillies suka farke, aka ja har zagaye na 13 suka faɗi 4 da 3, alhali Cardinals sun riga sun lallasa Astros 8 da 0 suna zaune a ɗakin canza kaya suna kallo. Na gani amma hankalina ba ya wurin.

Aka dawo wasanmu, zagaye na tara, har yanzu 3 da 2, Papelbon ya fito, shine mai rufe mana wasa, kuma duk kakar nan ba a taɓa cin Red Sox ba in dai suna gaba bayan zagaye na takwas. Ya fitar da na farko, ya fitar da na biyu. Na miƙe tsaye. Orioles fa su ne na ƙarshe a rukuninsu, ba abin da suke nema, jakunkunansu a ɗaure suke za su tafi hutu. Davis ya buga ya kai tasha ta biyu. Reimold ya zo, shi ma jifa ɗaya ya rage a kore shi, ya buga, 3 da 3. Sai Andino ya aika wata gajeriya ɓangaren hagu, ɗan wasanmu Crawford ya rugo ya zame a ƙasa, ta taɓa safar hannunsa ta faɗi. 4 da 3. Daga baya da na samu bidiyon na ga 'yan Orioles sun ruga fili sun danne juna kamar su suka ɗauki kofi, 'yan kallonsu na tsalle cikin jiƙaƙƙun kaya, saboda daɗin sun ja babba sun faɗi tare.

Ban ko zauna ba na koma ɗaya shafin, nace to Yankees ku taimaka, zagaye na 12 ake. Minti uku ne tsakani. An sa sakamakonmu a allon filin Rays, waɗanda suka yi haƙuri suka zauna suka ɓarke da ihu har Longoria ya ja da baya ya jira su lafa, sannan ya dawo ya buga ta ƙasa-ƙasa ta bi layin hagu ta tsallake wani ɗan gajeren wuri a katangar. 8 da 7. Sha biyu da minti biyar a can, biyar da minti biyar a nan, kuma ina tsaye a gaban kwamfutar nan ina jin ladanin masallacin bayanmu. Na fita na yi alwala a bakin titi da ruwan leda, gari ya yi tsit sai masu moto ɗaya biyu da mai shayi yana hura wuta, na bi jam'i na dawo gida, ba wanda zan faɗa wa. Wannan shi ya fi ci min rai, mutanen Boston ko ba komai in sun shiga mota da safe kowa fuskarsa irin taka ce, ni kuwa mahaifiyata ce ta dube ni tace "kai ko zazzaɓi ne?" ta kawo min kunu da ƙosai na kasa ci.

Amma ba faɗuwar ce ta sa na zauna rubutun nan ba, abin da ya biyo baya ne. Kwana da kwanaki ina karanta abin da magoya baya ke rubutawa, kuma kusan kowa mutum ɗaya yake nema ya rataya wa. Wasu Papelbon, mafi yawa Crawford, saboda daga Rays ɗin aka ɗauko shi a kan dala miliyan 142 na shekara 7 kuma kakar ba ta yi masa kyau ba, ga shi ƙwallon ƙarshe a hannunsa ta faɗi. Har aka tono cewa wancan gajeren wurin da Longoria ya tsallakar, tun Crawford na Rays aka rage tsawonsa don ya riƙa cafke ƙwallo a wurin. Kwana biyu koci Francona ya tafi, mutumin da ya kawo kofi biyu, 2004 da 2007, sannan jarida ta fito da labarin wasu masu jifa na shan giya da cin soyayyar kaza a ɗaki ana tsakiyar wasa, aka samu sabon abin zagi. Ni ma na zagi Crawford a lokacin, ba zan ɓoye ba, kuma yau ina jin nauyin hakan.

Don mu a nan Kamaru mun fi kowa sanin wannan halin. Wa ya manta 8 ga Oktoba 2005? Ina gidan kallo a ranar, mun cika maƙil har taga, mu da Masar a Yawunde, 1 da 1, aka ba mu fenariti a ƙarin lokaci, in ta shiga mun tafi kofin duniya na Jamus. Pierre Womé ya ɗauki ƙwallon ya ajiye, ya buga, ta daki ƙarfe ta fita. Ta leƙo ta koma, Kodebuwa suka tafi. Zagi da barazanar da bawan Allahn nan ya sha kowa ya sani. Ba wanda ya tsaya ya tuna cewa shine ya buga fenaritin ƙarshe da ya ba mu zinare a Sidni a 2000 a kan Sifen. Ba wanda ya tuna canjaras da muka yi da Libiya da Sudan, da 3 da 2 da Masar ta yi mana a Alƙahira, da a ce an ci ɗaya daga ciki da ba a zo ga wannan fenaritin ba sam. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon Red Sox tun farkon Satumba ya tsage, wasa 20 aka zubar, ɗaya kacal ake buƙata a cikinsu. Wanda ƙwallo ta faɗo wa a minti na ƙarshe shi dai tsautsayi ne ya ajiye shi a wurin, kuma shi ne ma ya yi ƙarfin halin miƙa hannu.

Abin da na zauna ina faɗa wa yaron nan kenan jiya, don tun kafin hawayensa su bushe ya ɗauki waya ya fara karanto min abin da 'yan Mets ke rubutawa, a kori koci, a sayar da wane, ɗan wasansu Soto ya ci kuɗin banza. Shi yaron bara ya kamu, ranar Litinin ɗin nan da guguwa ta sa aka ɗage wasannin Mets da Braves aka buga biyu a rana ɗaya bayan kowa ya gama, Lindor ya buga hom ran a zagaye na tara suka ci 8 da 7 suka shiga, ya yi ta tsalle a tsakar gida har kakarsa ta fito da tsintsiya. Daga nan aka kawo Soto a kan dala miliyan 765 na shekara 15, kuɗin da ba a taɓa ba ɗan wasa ba, zuwa tsakiyar Yuni suna da 45 da 24, babu wanda ya kai su a duk gasar, kullum sai ya zo ya tsaya min a ƙofar shago yace "Kawu ina naku suke?" To daga nan aka fara gangara, wata uku da rabi ana zubewa a hankali, suka ƙare da 83 da 79. Nace masa duba nan, Soto ya buga hom ran sama da 40 a kakar nan, ba shi ya kashe ku ba, kuma ba wasan yau ne ya kashe ku ba, ka koma ka ƙirga na Yuli da Agusta.

Abin da ya fi ƙona masa rai, kuma a nan ina bayansa ɗari bisa ɗari, shine Reds, wata ƙungiya daban ba Red Sox ba, da suka ɗauke gurbin shiga wasannin Oktoba da Mets ke nema, su ma faɗuwa suka yi jiya a hannun Brewers. Kowa 83 da 79, amma aka duba haɗuwarsu ta cikin kaka aka ga Reds sun fi cin Mets, shi kenan aka ba su a kan takarda, suna can suna shagali a ɗaki bayan an ci su. Shi ya sa yake tambaya ko akwai wasa gobe, don na taɓa ba shi labarin yadda ake yi da, in an yi kunnen doki sai a buga wasa na 163, fili ɗaya dare ɗaya, wanda ya faɗi ya tafi gida. Tun 2022 da aka faɗaɗa masu shiga zuwa ƙungiya 12 aka soke wannan, kuma ni har gobe ban yarda da shi ba. Wata shida mutane na zubar da gumi, a raba su da lissafi? A bar su su buga mana. Ko Blue Jays da Yankees haka aka raba su jiya, kowa 94, aka ba Toronto rukuni da lissafi. Abu ɗaya da suka gyara da na yaba shine yanzu duk wasannin ranar ƙarshe lokaci ɗaya ake fara su, wajen takwas na darenmu, ba sai mutum ya kwana a siber ba, kuma ba wanda zai ga sakamakon wani ya ajiye manyan 'yan wasansa.

Akwai kuma 'yan Cleveland da jiya ba su yi barci ba don murna, a Yuli suna bayan Tigers da wasa 15 da rabi, suka bi su a hankali har suka ƙwace rukunin. Na nuna masa hotunan 'yan kallonsu, tsofaffi da yara an rungume juna, ya kalla ya tura min wayar baya, bai shirya ganin farin cikin wani ba tukuna, na ƙyale shi.

Mun jima a zaune, shayin ya huce, yayata ta leƙo daga zaure tace "ku ba za ku kwanta ba ne, gobe akwai makaranta fa." Ya tashi ya naɗe tabarma, ya mai da hular kansa, har ya kai bakin ƙofa ya juyo yace "Kawu, naku yaushe ne?" Nace Talata da dare, tunda mu Red Sox mun samu shiga, mu da Yankees, a gidansu. Ya ɗan yi shiru yace zai zo mu kalla tare amma ba zai sa hulata ba, tasa zai sa. Nace ya zo da ita, ya biya wajen mai shayi ya taho mana da biredi, ni zan sa kredi a waya tun da rana.